Maganin Tarin Fuka Da Lafiyar Hanta: In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Tarin fuka tsohon ciwo ne a ƙasarmu, ba kuwa garin da ba a san shi ba. Iyayenmu na da in sun ga mutum yana tari ba ya jin magani, yana ramewa, yana gumi da dare, har ya soma kakin jini, sai su keɓe masa ƙwarya da ludayi, su duƙufa ga yi masa addu'a, gama sun san inda abin ya nufa. Tsoronsu kuwa yana da dalili. Likitocin da suka bi lissafin zamanin da ba a sami magani ba sun tarar cewa cikin mutum 10 da a ke ganin ƙwayar ciwon a kakinsu, wajen 7 su kan mutu kafin shekara 10 ta cika. Yau, alhamdu lillahi, al'amarin ya sake. Wanda ya sha magani wata 6 bisa ƙa'ida ya kan warke, kuma a Nijeriya kyauta a ke ba da shi a asibitocin da aka keɓe don wannan aiki.

Amma Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Maganin nan da ke ceton rai, shi ne kuma a jikin waɗansu mutane ya kan taɓa hanta, in ba a farga da wuri ba har ya kai ga asarar ran da aka zo ceta. A kan wannan mu ke so mu yi magana yau, musamman da akawuna da malaman makaranta, domin ku a kan kawo wa katin asibiti ku karanta, ku ne kuma sau da yawa a kan roƙa ku tsaya wa ɗan'uwa ko maƙwabci ku ga ya haɗiye ƙwayoyinsa kowace safiya. Bari mu faɗi inda muka dosa tun da farko, don kada wani ya karanta rabi ya je ya hana majiyyaci magani. Wanda likita ya ce yana da tarin fuka, lalle ya sha magani har ya cika wa'adi. Ɓarnar hanta ta kan yi sallama kafin ta shigo, wanda kuwa ya gane sallamarta ya garzaya asibiti a ran nan, galibi ya kan warke sarai, ya ci gaba da maganinsa.

Kada a zaci abin na mutane ƙalilan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, miliyan 1.25 kuwa suka mutu. A Afirka duka ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ciwon, gama a shekarar nan an ƙiyasta sun kusa rabin miliyan. In masu shan magani sun kai dubbai haka, ko da kaɗan ne cikin ɗari hantarsu ta taɓu, in aka tara su jama'a ce mai yawa.

AIKIN HANTA A JIKI

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babban mutum ya kai wajen kilo 1 da rabi. Duk abin da mutum ya haɗiye, ko abinci ko magani, in hanji ya tsotse shi, sai jini ya bi da shi ta cikin hanta tukuna kafin ya bazu ko'ina. Watau tamkar ofishin ma'aji ce, ba abin da ke shiga ko fita sai ya bi ta hannunta. Ita ke ajiye abin da jiki zai bukata nan gaba, ita ke yin abubuwan da ke sa jini ya daskare in an yi rauni, ita ke sarrafa magani da dafi ta mai da su abin da ƙoda da hanji za su iya fitarwa.

Akwai wani aikinta da ya kamata a gane sosai, domin shi ne asalin alamun da za mu ambata nan gaba. Jajayen ƙwayoyin jini su kan tsufa bayan kamar kwana 120, jiki ya rushe su. Daga cikinsu wani abu mai launin rawaya ke fitowa. Hanta ke kwashe shi ta zuba cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita tare da bayan gida, shi ne ma ke ba bayan gida launinsa. To, in hanta ta gaza, sai abin nan ya taru cikin jini. Daga nan farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida kuwa ya yi fari-fari. Wannan shi ne abin da mu ke kira shawara.

Allah ya yi wa hanta baiwa guda biyu. Tana da juriya, gama ta kan ci gaba da aiki ko da wani sashe nata ya lalace, kuma tana iya sake tsiro ta mayar da abin da ta rasa in aka ɗauke mata abin da ke cutar da ita. Juriyar nan ita ke sa mutum ya daɗe bai san ana ɓarna a cikinsa ba. Sake tsiron kuwa shi ke sa wanda aka tsai da maganinsa da wuri ya warke ba tare da saura ba.

MAGUNGUNA HUƊU CIKIN ƘWAYA ƊAYA

Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya gano ƙwayar cutar tarin fuka cikin 1882, amma sai da aka yi shekara fiye da 60 kafin a sami abin kashe ta. Cikin 1943 aka gano allurar istiraftomaisin a Amurka. Cikin 1952 aka soma amfani da isoniyazid, a shekarar kuma aka gane amfanin firazinamid. Etambutol ya biyo baya cikin 1961, rifamfisin kuwa aka haɗa shi a Italiya cikin 1965. A da sai majiyyaci ya yi wata 18 ko fiye yana shan magani. Gwaje-gwajen da Hukumar Binciken Magani ta Ingila ta yi a Afirka ta Gabas da Hong Kong da Singafo daga 1970 zuwa gaba su suka nuna cewa in aka gama rifamfisin da firazinamid da isoniyazid, wata 6 ya isa.

Tsarin da a ke bi yanzu ga babban mutum shi ne, wata 2 na farko a sha magani 4, watau isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da etambutol, an cure su cikin ƙwaya ɗaya. Wata 4 na baya kuwa a sha isoniyazid da rifamfisin kaɗai. Cikin huɗun nan, ukun farko duk suna iya taɓa hanta. Etambutol shi ba ruwansa da hanta, abin da a ke lura da shi game da shi gani ne.

Kowanne da irin tasa hanyar. Isoniyazid, sa'ad da hanta ke sarrafa shi, ya kan bar waɗansu ɓurɓushi masu dafi waɗanda ke raunana ƙwayoyin halittar hantar kanta in sun taru. Rifamfisin ya kan zaburar da hanta ta ƙara saurin aiki, ta haka ɓurɓushin nan na isoniyazid ya kan ƙaru, har wa yau ya kan tare hanyar fitar abin nan mai launin rawaya. Firazinamid kuwa yawansa ne abin tsoro. A shekarun farko bayan 1952 an riƙa ba da shi da yawa, har giram 3 a yini, mutane da dama suka yi shawara, likitoci suka ja da baya daga gare shi. Sai da aka rage shi zuwa kamar miligiram 25 ga kowane kilo na nauyin mutum sa'an nan ya dawo cikin magungunan farko.

YADDA AKA GANE GIRMAN ABIN

Shekaru da dama bayan fitowar isoniyazid, likitoci suna ganin magani ne mai sauƙi, har a kan ba lafiyayyun da suka zauna da mai tari don rigakafi. Cikin 1970 aka sami masu tarin fuka cikin ma'aikatan da ke aiki a harabar Majalisar Dokokin Amurka, aka auna jama'ar wurin, aka ba mutum 2,321 isoniyazid don rigakafi. Cikinsu 19 suka kamu da ciwon hanta, 2 suka mutu. Wannan ya girgiza likitoci ƙwarai, domin mutanen ba su da ciwo sa'ad da aka ba su maganin.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Amurka ta bi sawun mutum 13,838 masu shan isoniyazid cikin 1971 da 1972. An rasa mutum 8, aka kuma gano cewa shekarun mutum suna da babban tasiri. Ga 'yan ƙasa da shekara 20 abin bai cika aukuwa ba. Daga shekara 20 zuwa 34, mutum 3 ne cikin 1,000 suka yi ciwon hanta. Daga 35 zuwa 49, suka zama 12 cikin 1,000. Daga 50 zuwa 64 kuwa suka kai 23 cikin 1,000. Aka kuma ga masu shan giya kullum sun fi saura kamuwa.

Wani darasi ya sake zuwa daga baya. Cikin shekarar 2000 aka shawarci likitocin Amurka su riƙa ba da rifamfisin da firazinamid na wata 2 don rigakafi. Kafin tsakiyar 2003 aka ƙirga mutum 48 da hantarsu ta yi mummunar lalacewa, 11 daga cikinsu suka mutu, aka janye wannan shawara a shekarar.

Amma ga wani labari da ya fi waɗannan amfani a gare mu. A wani asibitin tarin fuka na Gwamnati a birnin Seattle, daga 1989 zuwa 1995, an ba mutum 11,141 isoniyazid. Aka koya wa kowa alamun ciwon hanta, aka ce da ya ga ɗaya ya dakata ya zo, aka kuma riƙa ganinsu wata-wata ana yi musu tambayoyi. Mutum 11 kaɗai suka yi ciwon, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne yawancinsu matasa ne, amma duk da haka labarin ya nuna abin da faɗakarwa da sa ido ke iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Game da masu shan magungunan huɗu gaba ɗaya, lissafin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga kashi 2 har zuwa kashi 28 cikin 100, gwargwadon irin mutanen da aka duba da ma'aunin da aka bi. Yawancin waɗanda abin ke samu, cikin wata 2 ko 3 na farko ya ke samunsu. Nan ne ya kamata a fi buɗe ido.

WA YA FI SHIGA HAƊARI?

Na farko, shekaru, kamar yadda muka gani. Wanda ya haura 35 a lura da shi, dattijo kuwa a ninka lura.

Na biyu, tsohon ciwon hanta, musamman mai lamba B da mai lamba C. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi gida-gida cikin 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, kashi 1.1 kuwa mai lamba C. Watau in malamai 12 suka zauna a ɗakin hutu, mai yiwuwa ne ɗaya daga cikinsu yana da ita. Yawancin masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko yara suka samu, ba su kuwa jin komai a jikinsu, ba su sani ba sai an auna jini. Hantar da ta yi shekaru tana fama da wannan ƙwaya, in aka ɗora mata magani uku a lokaci ɗaya, ta fi saurin durƙushewa.

Na uku, giya, ko ta kwalba ce ko burkutu ko ogogoro. A nan kunya ta kan yi mana ɓarna. Mutum ya san yana sha a ɓoye, malamin asibiti ya tambaye shi a gaban ɗan'uwansa, sai ya ce Allah ya kiyaye. Likita ba alƙali ba ne, kuma abin da aka gaya masa amana ce. Wanda ya raka majiyyaci ya kyautu ya fita waje ya ba su wuri sa'ad da aka zo ga irin waɗannan tambayoyi. Duk tsawon watanni shidan nan kuwa, giya ko kurɓi ɗaya a bar ta.

Na huɗu, ƙwayar cutar ƙanjamau. Mai ɗauke da ita ya fi kowa saurin kamuwa da tarin fuka, kuma yana shan waɗansu magunguna na kullum waɗanda su ma ta hanta su ke bi. Shi ya sa a ke auna kowane mai tarin fuka, don likita ya san yadda zai jera magungunan biyu. Kada wanda aka ce a auna shi ya ɗauka zarginsa a ke yi, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa.

Na biyar, rama da ƙarancin abinci. Tarin fuka da yunwa abokan tafiya ne, kuma an sha ganin cewa ramamme ya fi saurin taɓuwa. Ga kuma wani abu da ke haɗe da wannan: bisa nauyin mutum a ke ƙidaya ƙwayoyin.  In aka yi wa mutum kintace da ido ba a ɗora shi kan sikeli ba, ana iya ba shi fiye da ƙarfinsa. Haka kuma wanda ya ƙara wa kansa ƙwaya wai don ya warke da sauri, ko wanda ya manta na jiya ya haɗa da na yau.

Na shida, ciki da jego. Mai ciki in tana da tarin fuka lalle a yi mata magani, gama barinsa ya fi haɗari gare ta da abin da ke cikinta, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Sai dai an lura cewa lokacin ciki da wata 3 na farko bayan haihuwa hanta ta fi saurin jin isoniyazid. Lokacin ne kuwa iyaye mata su kan yawaita ba mai jego jiƙe-jiƙe. Maigida ya zauna da su cikin ladabi ya yi musu bayani.

Na bakwai, waɗansu magunguna da a ke sha tare. Farasitamol, wanda mu ke kira fanadol, ta hanta ya ke bi, kuma yawansa shi kaɗai ya isa ya lalata ta. Magungunan mura da na ciwon jiki da a ke saye a kemis da yawansu suna da shi a ciki, sai mutum ya sha iri biyu ko uku bai san abu ɗaya ya ke maimaitawa ba. Haka magungunan farfaɗiya da waɗansu na ƙyasbi da makero da a ke haɗiya. Haka kuma saiwoyi da sassaƙe da tsimi da garin da a ke tallarsa a tasha. Ba mu ce duk itacen da kakanninmu suka sani dafi ne ba. Abin da mu ke cewa shi ne ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin kwalbar, kuma hantar da ke ɗauke da kaya uku ba ta bukatar na huɗu.

Na takwas, gado. Tun cikin 1960 masana suka tabbatar cewa mutane iri biyu ne wajen sarrafa isoniyazid, masu sauri da masu jinkiri, kuma gadon abin a ke yi daga iyaye. Wajen rabin mutanen Afirka da na Turai masu jinkiri ne, su ne kuwa suka fi shiga haɗari, domin maganin ya kan daɗe a jininsu. Ba a gane wannan da ido, ba a kuma auna shi a asibitocinmu na yau da kullum. Ma'anar wannan ita ce, ko saurayi mai ƙarfi wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin abubuwa bakwai na sama, bai kamata ya sakankance ba.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Da farko a san abin da ba na tsoro ba ne. Rifamfisin ja ne, ya kan mai da fitsari ja-ja kamar ruwan goro bayan 'yan sa'o'i da shansa, har gumi da hawaye su kan ɗauki launin. Wannan ba ciwo ba ne, alama ce ma cewa an sha maganin. Mutane da yawa sun gudu daga magani saboda ba a gaya musu wannan ba.

Alamun hanta dabam su ke. Su kan fara da ƙin abinci, musamman ga wanda da ya soma samun sauƙi yana ci sai kuma ya daina. Sai tashin zuciya da amai da ba su wucewa, da kasala mai nauyi, da ciwo ko nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci da zazzaɓi ko ƙaiƙayin jiki. Bayan haka fitsari ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya wuni haka, bayan gida ya yi fari-fari, farin ido ya yi rawaya. Ba a jiran sai ido ya canza, gama ƙin abinci da amai su kan riga shi da kwanaki. In kuwa aka ga mutum ya soma ruɗewa, yana barci da rana yana kwana ido biyu, ko dadashinsa yana zub da jini, to abin ya yi nisa, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

A nan ne a kan yi kuskure iri biyu. Akwai maganar da ta daɗe tana yawo cikin jama'a cewa wai shawara ba ta asibiti ba ce. Sai a ga ido ya yi rawaya, a jiƙa saiwar rawaya ko a nemo wani sassaƙe, majiyyaci kuwa ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyinsa don an ce kada ya tsallake ko rana ɗaya. Wannan ita ce hanyar da ta fi kai mutane kabari, domin likitoci sun daɗe da ganin cewa waɗanda suka ci gaba da shan isoniyazid bayan alamu sun bayyana su suka fi mutuwa. Shawara alama ce mai dalilai da yawa, tana zuwa daga zazzaɓin cizon sauro, da amosanin jini, da ƙwayoyin ciwon hanta, da toshewar matsarmama, da magani. Awon jini ne ke rarrabe su.

Kuskure na biyu shi ne mutum ya tsorata, ya jefar da maganin, ya ƙi komawa asibiti. Hanta ta huta, ido ya washe, a ce an warke. Bayan 'yan watanni sai tari ya dawo, ya kuma riga ya shafa wa matarsa da 'ya'yansa. In ya riƙa sha yana bari bisa ra'ayin kansa, ƙwayar cutar tana iya ƙin jin magani, maganin irin wannan kuwa ya fi wuya. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Hanyar da ta dace ɗaya ce. Ranar da aka ga alamun nan, kada a haɗiyi ƙwaya ta gaba, a ɗauki kati da sauran ƙwayoyi da duk wani abin da majiyyaci ke sha, har da kwalbar jiƙo, a tafi asibiti a ranar.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Akwai wani sinadari da ke zaune cikin ƙwayoyin halittar hanta, likitoci suna kiransa ALT. In sun ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini, a gan shi a awo. Cikin masu shan isoniyazid, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kan ga ya ɗan hau ba tare da wata alama ba, sa'an nan ya sauka da kansa, gama hanta ta kan saba. Don haka ba kowane hawa ne ke sa a tsai da magani ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, in ya ninka iyakarsa sau 3 ga kuma alamu, ko sau 5 ko da ba alama, ko kuwa ido ya yi rawaya, sai a dakatar da magungunan uku.

In tarin ya yi tsanani har ba a iya barin mutum ba magani, sai a riƙe shi da waɗansu da ba su cika taɓa hanta ba, kamar etambutol da lebofuloksasin. In hanta ta farfaɗo, galibi cikin 'yan makonni, sai a dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya, a kan fara da rifamfisin, bayan 'yan kwanaki a ƙara isoniyazid, ana awo a tsakani. In ciwon ya yi tsanani a kan bar firazinamid gaba ɗaya, a tsawaita magani zuwa wata 9. Mafi yawan mutane su kan jure maganin a karo na biyu, su warke daga tarin. Wannan aikin likita ne, kada mai kemis ko ɗan'uwa mai karambani ya gwada shi a gida. Ƙaramar ƙwayar bitamin B6 da a kan haɗa wa waɗansu kuwa, don kare jijiyoyin ƙafa da hannu ce, ba ta kare hanta.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da na'urar awon hanta ba, kuma malamin da ke duba mutum 50 a yini ba zai iya zama da kowa ya yi masa dogon bayani ba. Gurbin nan masu ilmi na unguwa da ƙauye ne za su cike shi. In ka raka wani ranar farko, ka tabbata an ɗora shi kan sikeli. Ka sa a gaya wa likita in ya taɓa yin shawara, ko wani a gidansu ya mutu da kumburin ciki ko ciwon hanta, ko mace tana da ciki ko jego. In yana cikin waɗanda muka lissafa, ka roƙa a auna jininsa don ciwon hanta mai lamba B da C, a kuma auna ƙarfin hantar tun kafin a fara, ko da za a je babban asibiti. Ka karɓi lambar wayar malamin da ke kula da shi ka rubuta a bayan kati.

Bayan haka, kowace safiya in ka je ganin ya sha magani, ka tambaye shi ko ya ci abincin dare, ko ya yi amai, yaya launin fitsarinsa. Sau ɗaya ko biyu a mako ka fito da shi tsakar gida ka dubi farin idonsa a hasken rana, gama hasken fitila ya kan ɓoye rawaya. Duk wannan bai fi minti 2 ba. Malamin makaranta kuma yana da wata dama, domin abin da aka koya wa yaro a darasin kiwon lafiya ya kan isa kunnen uwarsa kafin magariba.

Mutanen da suka ce rigakafi ya fi magani ba su yi ƙarya ba. Allurar rigakafin ciwon hanta mai lamba B tana cikin alluran da a ke yi wa jarirai kyauta, ta farko kuwa ta fi amfani in aka yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. Yaron da aka yi wa ita yau, in Allah ya ƙaddara masa tarin fuka da girma, zai tarbi magani da hanta lafiyayya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lura, amin.